Filin Tambaya da Amsa: Bidiyo ya cinye min saba, ina zan kai shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu na harkar kwamfuta da intanet. Wannan karon saƙonni da yawa kan abu ɗaya suka tsaya, wato sa bidiyo a shafin intanet da nauyin da yake ɗora wa saba, kwamfutar da ake ajiye shafi a kanta, shi ya sa na tsinto su na haɗa wuri guda. Na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma kamar kullum ba ma sakawa.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah inada matsala. Inada shafi da na gina da manhajar gina shafi ta WordPress inda nake koyar da lissafi, bidiyon darussan kuma nake ɗorawa kai tsaye ta wajen da ake ɗora hotuna, da farko komai lafiya lau amma da ɗalibai suka fara yawa sai shafin ya dinga nauyi, bidiyo ya ɗan yi ya tsaya ya ɗan yi ya tsaya, ƙarshe dai kamfanin hostin da nake hayar saba a wajensu suka turo min saƙo wai ina cin ƙarfin saba fiye da kima in ban gyara ba zasu dakatar dani, alhali lokacin da na biya ƙarara suka rubuta cewa bandwit, wato yawan datar da za a iya ja daga shafin, ba iyaka. Cutata sukeyi ko nine ban gane ba?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Tunda malamin lissafi ne kai bari mu yi lissafin tare, in mun gama kai da kanka zaka yanke hukunci.

Ɗauki bidiyo mai tsawon minti 10 a ingancin hoto na 720p. YouTube da kansu abin da suke ba da shawara a ɗora irin wannan da shi shi ne megabit 5 a kowane sakan. Minti 10 sakan 600 kenan, sau 5 ya ba ka megabit 3,000, ka raba da 8 ya zama MB 375. Wannan fa in ka matse shi kenan, in yadda waya ta ɗauka haka ka ɗora to ya ninka haka nesa ba kusa ba. Yanzu mutum 1,000 su kalla har ƙarshe, GB 375 ta fita daga sabar kan bidiyo ɗaya tal. Shafin rubutu da hotuna na yau da kullum bai cika wuce MB 2 zuwa 3 ba, kaga kenan kallon bidiyon nan sau ɗaya daidai yake da a buɗe shafinka sau wajen 150. Kamfanin da ya rubuta maka ba iyaka lissafinsa kan masu rubutu da hoto ya yi, kuma in ka koma ka karanta sharuɗɗan nan masu ƙananan rubutu da duk muke danna na yarda ba tare da mun duba ba, galibi zaka tarar da wajen da suka ce ba a yarda a mayar da hostin ɗin ma'ajiyar manyan fayiloli ko wajen watsa bidiyo ba. Tallan nasu akwai wayo a ciki, wannan kam ban musa ba, amma ba su karya yarjejeniya ba.

Yawan datar ma ba ita ce babbar matsalar ba, matsalar ita ce mutum nawa ne suke kallo a lokaci ɗaya. Hanyar da saba take fita intanet kamar bututun ruwa ce, faɗinta ƙayyadadde ne. In megabit 100 ce, mutum 20 masu jan megabit 5 kowanne sun cika ta dam, na 21 sai dai kowa ya rage. In gigabit 1 ce, wato megabit 1,000, mutum 200 kenan, to amma a hostin na haɗaka irin naka ba kai kaɗai ne a kan injin ba, akwai shafukan wasu mutane da yawa da kuke raba hanyar da ƙwaƙwalwar injin da komai, ranar da ɗalibanka suka taru daren jarrabawa maƙwabtanka ne suke shan wahala ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su kai ƙara, kamfani ya duba ya ga daga ina nauyin yake fitowa. Asalin wasiƙar da ka samu kenan.

Sai maganar tsayawar nan da bidiyo yake yi. Kai fayil ɗaya ka ajiye, girma ɗaya, kowa shi zai ja, mai intanet mai ƙarfi da wanda sabis ɗinsa ke rawa duk ɗaya. In netwok ɗin ɗalibi bai kai megabit 5 ba dole ya zauna yana kallon abin nan yana juyawa. Su kuwa masu harkar bidiyo irin su YouTube da Vimeo da Dailymotion, da ka ɗora sai injinansu su sake sarrafa shi zuwa girma daban daban, 240p, 360p, 480p, 720p har sama, sannan su yayyanka kowanne gunduwa gunduwa na 'yan sakanni. Fileyar da ke wayar mai kallo, wato abin da yake kunna bidiyon, ita take auna ƙarfin netwok, in ya yi ƙasa gunduwa ta gaba sai ta ɗauko ta daga ƙaramin, hoto ya ɗan dusashe amma magana ba ta yanke ba, in ya dawo ta koma babban. Apple ne suka fito da tsarin HLS mai yin haka a 2009, sai MPEG-DASH ya biyo baya a 2012, kusan duk bidiyon da kake kallo a intanet yau a kan irin wannan tsarin yake tafiya. Sannan suna da sabobi birjik a ƙasashe, bidiyon daga wadda ta fi kusa da mai kallo yake fitowa, ba sai ya tsallako teku kullum ba. Wannan sarrafawar aiki ne mai cin injin sosai, hostin na haɗaka ba zai ma bar ka ka fara ba.

To abin yi. Ka buɗe tasha a YouTube ka ɗora darussan can. Sabon asusu minti 15 ne iyakarsa, sai ka tabbatar da lambar waya sannan su buɗe maka har awa 12 ko GB 256, duk wanda ka fara kaiwa. Ka kwafi link ɗin bidiyon ka manna shi a layi shi kaɗai cikin rubutunka, WordPress tun sigar 2.9 ta ƙarshen 2009 ya iya gane irin wannan link ya mayar da shi fileya da kansa, ba ka buƙatar wani fulogin, wato ƙarin manhajar da ake sa wa WordPress. Wanda ba WordPress yake amfani da shi ba, a ƙarƙashin bidiyon ya danna Share sannan Embed, ya kwafi ɗan kod ɗin ya sa a shafinsa. Ɗalibi zai ga bidiyo a cikin shafinka kamar da, amma ko MB ɗaya na bidiyon ba zai bi ta sabarka ba, tsakanin wayarsa ne da su. In ka tabbatar kowane darasi yana aiki, ka sauke tsofaffin fayilolin ka adana a wajenka, sannan ka goge su daga hostin, ka kuma leƙa wajen bakof, inda ake ajiye kwafin shafi don tsaro, domin sau tari can ma kwafinsu yana jibge yana cin wuri. Ka rubuta wa kamfanin ka ce ka gyara. Shikenan.

Ƙarin shawara da ba ka tambaya ba, kar ka bar shafi da bidiyo tsirara, ka rubuta taƙaitaccen bayanin darasin da misalan a ƙasansa, Google rubutu ya fi iya karantawa, kuma ɗalibin da datarsa ta kusa ƙarewa zai sa maka albarka.

TAMBAYA: Malam ni a Google Drive nakeso in zuba bidiyoyin in jawo su shafina tunda kyauta ne kuma ba talla, ya ka gani?

AMSA: In mutum biyar ko goma ne zasu kalla, abokan aiki ko 'yan aji ɗaya, ba laifi. In na jama'a ne a'a. Drive ma'ajiya ce, ba don watsa bidiyo ga dubban mutane aka gina ta ba, fayil ɗin da aka yi wa rubdugu suna iya rufe shi na ɗan lokaci, saƙon da suke nunawa ma cewa yake ka jira har awa 24, kuma ranar da bidiyonka ya samu karɓuwa ranar ce zai rufe. GB 15 ɗin kyautar ma tare da Gmail da hotunanka kuke rabawa. Ka ajiye asalin fayil a can, wannan ya yi daidai, amma kallo a wani wajen.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Ni kwas nake sayarwa, sai mutum ya biya yake samun shiga, bidiyo 20 ne kowanne wajen minti 30. An ce min in na sa a YouTube kowa zai gani kyauta kuma wai suna sa talla ko ban so ba, sannan in bidiyo ya ƙare su nuno wa ɗalibaina na wasu masu koyarwa. Gaskiya ne? Kuma ya zanyi kar a sace min wahalata, na sha wuya kafin in haɗa su wallahi.

AMSA: Sannu da ƙoƙari Hajiya, Allah ya sa albarka a neman. Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba, sai dai akwai bayani.

YouTube zaɓi uku ne da su. Public kowa ya gani. Unlisted ba ya fitowa a bincike ko a tasharki, amma duk mai link zai kalla, kuma link ɗin ba ɓoyayye ba ne, ɗalibi ɗaya ya danna tambarin YouTube da ke jikin fileyar ya kwafa ya tura wa abokai, magana ta ƙare. Private kuma sai wanda kika gayyata da imel ɗinsa ya shiga da asusunsa na Google, in kin sa shi a shafi sauran mutane baƙin allo kawai zasu gani, ba zai yi miki aikin kwas ba. Maganar talla, tun Nuwamba 2020 suka canza sharuɗɗansu a Amurka, sauran duniya kuma a Yuni 2021, cewa suna da damar sa talla a kan bidiyon da mai shi bai shiga tsarin raba kuɗi ba, kuma ba za a ba shi ko sisi ba. Bidiyoyin da ake nunowa a ƙarshe kuwa, da can in ka ƙara rel=0 a jikin link ɗin sai su ɓace gaba ɗaya, daga Satumba 2018 suka sauya, yanzu abin da yake yi kawai ya taƙaita su ga na tasharki. Ba mugunta ba ce, kamfanin da Google ta saya dala biliyan 1.65 a 2006 ba sadaka ya fito yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa, suna ɗaukar miki nauyin saba ke kuma kina biya da idon masu kallonki. Ga wanda yake son a san shi wannan ciniki ne mai kyau ƙwarai, ga mai sayar da kwas kuwa bai dace ba.

Ke wajen biya ya kamace ki. Vimeo, wanda ya ma girmi YouTube da 'yan watanni tunda a ƙarshen 2004 aka kafa shi, a tsarinsu na kuɗi akwai inda zaki ce bidiyon nan kar ya buɗe a ko'ina sai a adireshin shafina, ko an kwafi kod ɗin an kai wani shafi ba zai yi ba, kuma babu talla. Ki dai san cewa a 2022 sun sanya ƙa'idar datar kallo TB 2, wato wajen GB 2,000, a wata, mai wuce haka a kai a kai sai sun zauna da shi kan wani tsarin. Akwai kuma irin su Cloudflare Stream da Bunny Stream da Mux, waɗanda ba dandalin kallo ba ne sam, ba wanda zai je can yana bincike, aikinsu kawai su ajiye su sarrafa su isar. Cloudflare Stream da minti suke lissafi, dala 5 a wata kan kowane minti 1,000 da aka ajiye, dala 1 kan kowane minti 1,000 da aka kalla. Naki minti 600 ne, ajiya dala 5 kenan. Ɗalibai 100 kowa ya kalli komai tas, minti 60,000, dala 60. Ki raba wa mutum 100, bai kai dala ɗaya kan kowane ɗalibi ba, sai ki sa shi cikin kuɗin kwas tun farko. Ki gwada da wanda zai zuba fayilolin a ma'ajiyar Amazon S3 ya bar mutane suna ja kai tsaye, inda kuɗin fitar data yake wajen santi 9 kan kowace GB, wannan kallon a megabit 5 ya haura GB 2,000, kusan dala 200 kenan, kuma bai samu sarrafawa zuwa girma daban daban ba. Farashi yana motsi, ki leƙa shafinsu ranar da zaki biya.

Abin da zaki nema takamaimai wajen wanda yake gina miki shafin shi ne link mai wa'adi, wato duk sanda ɗalibin da ya biya ya buɗe darasi sai sabarki ta ƙirƙiro masa link mai sa hannu da zai mutu bayan ɗan lokaci, ko ya tura wa wani kafin ya buɗe ya lalace. Sama da wannan akwai kulle irin na manyan kamfanonin fim, Widevine na Google da FairPlay na Apple da PlayReady na Microsoft, yana da tsada da wahalar saiti, ni ban ga dalilinsa ba ga kwas mai bidiyo 20.

Amma Hajiya kar wani ya karɓi kuɗinki da alƙawarin wai ba za a taɓa iya sacewa ba. Duk abin da ido zai gani a sikirin wata wayar zata iya ɗauka. Abin da ake yi shi ne a sa satar ta yi wahala kuma ta zama da haɗari ga mai yi, misali sunan ɗalibi ko imel ɗinsa ya dinga yawo a kan bidiyon yayin da yake kallo, wasu fileyoyin suna da wannan, mutum zai yi tunani sau biyu kafin ya yaɗa abu da sunansa a jiki. Sannan darasi ɗaya ko biyu ki sake su kyauta a YouTube da gangan da link ɗin shafinki a ƙasa, nan ne YouTube zai yi miki rana.

TAMBAYA: Na bi shawarar da ake bayarwa na mayar da bidiyoyina waje, amma yanzu shafin da na jera guda 12 a ciki ya fi da nauyi a waya, kafin ya buɗe sai mutum ya gaji. Ina amfanin abin kenan?

AMSA: Ƙanina sabarka ta huta, wayar mai karatu ce ka ɗora wa kayan. Kowane bidiyon da ka maƙala ƙaramin shafi ne mai zaman kansa a cikin naka, yana jawo fileyarsa da tarin kod na ɗaruruwan KB tun kafin kowa ya danna komai, kai kuma ka jera 12. Gyara biyu ne. Na farko a cikin kod ɗin iframe, wato kod ɗin Embed da ake kwafa a sa a shafi, ka ƙara loading="lazy", burauza ba zata ɗauko bidiyo ba sai mai karatu ya gangaro kusa da shi, WordPress daga sigar 5.7 ta 2021 yana ƙara wannan da kansa a mafi yawan lokuta, in naka tsoho ne ka sabunta. Na biyu kuma ya fi, ka sa hoton bangon bidiyon kawai da alamar kunnawa a kai, fileyar gaskiya ba zata zo ba sai an danna. Akwai ɗan kod na kyauta mai suna lite-youtube-embed da yake yin haka, fulogin da yawa na saurin shafi ma suna da wajen kunna shi. Bambancin zaka gan shi da idonka.

Tunda muna nan, fileyar YouTube tana ajiye kukis, wato ƙananan fayilolin da ake gane mai ziyara da su, tana kuma aika bayanan mai ziyara. In kana da masu karatu a Turai, inda dokar kare bayanan mutane ta GDPR take aiki tun 25 ga Mayu 2018, wannan abin lura ne. Wajen kwafar kod akwai akwatin da in ka danna adireshin zai koma youtube-nocookie.com, yana rage bibiyar, bai kawar da ita duka ba, amma in ka haɗa shi da dabarar hoton bango to ba abin da zai tafi wajensu sai mutum ya danna da hannunsa, matuƙar hoton a sabarka yake. Kuma fisabilillahi 12 a shafi ɗaya sun yi yawa, ka raba su.

TAMBAYA: Malam da girmanka amma ni ban gamsu da wannan shawarar da kuke ta ba mutane ba. Ka kwashi wahalarka ka damƙa wa wani kamfani, gobe ya rufe maka asusu ko shi kansa ya rushe, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ba gara mutum ya sayi babbar saba ya riƙe kayansa ba?

AMSA: Yallaɓai rabin maganarka ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma tarihi yana bayanka. Google Video an rufe shi a 2012. Blip.tv da masu shirye shirye da yawa suka dogara da shi ya tafi a 2015. Vine a farkon 2017. Wanda ya fi ban tsoro shi ne Vidme, ya rufe a Disamba 2017, shafuka da yawa ba su cire kod ɗinsa daga tsofaffin labaransu ba, a 2021 wani kamfanin batsa ya sayi adireshin da aka bari, sai ga abin kunya yana fitowa a tsakiyar tsofaffin labaran manyan jaridun Amurka irin su Washington Post. Duk wanda ya maƙala abu daga waje ya buɗe taga ce a shafinsa wadda wani yake iko da abin da ke bayanta. Ko kamfani bai mutu ba yana iya sauya doka, a Yuli 2021 YouTube sun mayar da bidiyoyin Unlisted da aka ɗora kafin 2017 zuwa Private sai wanda ya cike fom ya ce a bar masa, shafuka da yawa suka wayi gari da ramuka. Ga maganar haƙƙin mallaka, gargaɗi uku a cikin kwana 90 ana iya rufe tasha da duk abin da ke ciki, kuma tsarinsu na gano kayan wasu mai suna Content ID yana jin kiɗan da ka sa a bayan magana ko na sakan kaɗan ne, mai kiɗan yana iya toshe bidiyon ko ya sa talla ya kwashe kuɗin. Sannan akwai inda YouTube ba ya buɗewa sam, China tun 2009, da ofisoshi da makarantu da dama da suke toshe shi a netwok ɗinsu.

Inda muka rabu shi ne maganin. Babbar saba ɗaya ba ta ba ka sarrafa bidiyo zuwa girma biyar, ba ta ba ka rassa a nahiyoyi, kuma ita ma ai a ɗakin wani kamfanin take, ranar da katinka ya ƙi biya ko had dis ya ƙone labarin ɗaya ne. Abin da ake miƙa wa kamfanin waje aikin isarwa ne kawai. Asalin fayil ɗin, mai cikakken inganci kamar yadda ya fito daga wajen tacewa, yana wajenka a wuri biyu aƙalla, ɗaya a had dis ɗaya a wata ma'ajiyar daban. Mutane da yawa da sun ɗora sai su goge nasu don samun fili, wai ai yana YouTube, alhali abin da zaka sauke daga can an riga an matse shi, ingancin da ya tafi ba ya dawowa. Ka kuma riƙe ɗan jadawali, sunan bidiyo, link ɗinsa, shafin da aka sa shi, domin in ƙaura ta kama ka san inda zaka taɓa, sannan lokaci lokaci ka bi tsofaffin shafuka ka ga ko akwai wanda ya mutu.

In kuma duk da haka ranka bai kwanta ba sai ka riƙe da kanka, akwai hanya. PeerTube manhaja ce ta kyauta da ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a 2018, tana sarrafa bidiyo tana ba ka fileyar maƙalawa, har masu kallo a lokaci ɗaya suna taya juna da gutsuren bidiyon don rage wa saba nauyi. Amma ka sa ta a saba daban, kar ka haɗa da ta shafinka. Ko ka sarrafa da manhajar FFmpeg zuwa HLS da kanka ka zuba a ma'ajiya irin Cloudflare R2 da ba ta cajin kuɗin fitar data. Duka suna aiki, sai dai ka sani daga ranar kai ne mai gadi kai ne makanike, sabuntawa da tsaro da tashi tsakar dare duk naka ne. Mai ma'aikata da dalili mai ƙarfi, misali bayanan da doka ta hana su fita, ya yi. Mutum ɗaya mai son koyarwa kawai, ni dai ba zan ba shi wannan shawarar ba.

TAMBAYA: Ɗan bidiyo ne na sakan 10 nakeso ya dinga motsi a saman shafin farko ba sauti, shima sai na kai shi waje?

AMSA: A'a 'yar'uwa, wannan kam ki bar shi a sabarki, jawo fileyar waje dominsa ya fi shi kansa nauyi. Ki matse shi da manhajar HandBrake, kyauta ce, ki zaɓi MP4 da H.264 tunda kusan kowace na'ura tana karanta shi, ki cire layin sautin gaba ɗaya, ki danna akwatin Web Optimized don ya fara tafiya tun kafin ya gama sauka, ki yi ƙoƙari kar ya wuce MB 2 ko 3. A kod ɗin ki tabbatar akwai muted da playsinline, domin Chrome tun 2018 ba ya barin bidiyo mai sauti ya tashi da kansa haka kawai, iPhone kuma in ba playsinline ba zai kunna shi a cikin shafin ba. Ki sa hoto tsayayye a madadinsa ga masu ƙaramin sikirin, ba kowa ne yake son a ci masa data kan ado ba.

Mai tambaya kan watsa shiri kai tsaye da manhajar OBS, saƙonka ya iso, amsarsa tana da tsawo, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.